Zariya: Lissafin ruwan da ke wuce Tudun Wada da damina, a dawo ana sayen sa a jarka da rani

Duk wanda ya taɓa zama a Tudun Wadan Zariya ya san yadda la'asar ɗin watan Agusta take. Hadari zai taso daga gabas, iska ta kaɗa, masu tireda su fara janye kaya, kafin a ankara ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya.

Cikin mintuna kaɗan lambatu ya cika ya tumbatsa. Jan ruwa ya hau titi ɗauke da leda da robobi da yashi, 'yan acaɓa su fake a ƙarƙashin rumfa, matan gida su fito da bokiti suna kwarfe tsakar gida. Bayan awa biyu ko uku yawancin ruwan ya gangara kogin Kubanni ya yi gaba.

Wata shida bayan nan, a kan waɗannan titunan, 'yan ga-ruwa ne ke tura kura cike da jarkoki. Rijiyoyi sun ja baya, guga na dawowa da taɓo, magidanci na lissafin jarka nawa kuɗinsa za su saya kafin ya fita kasuwa.

Ruwan da aka yi ta kora daga tsakar gida a Agusta shi ne ake nema a Maris. Tsakanin watannin biyu akwai tambaya guda da injiniyoyi da masana ƙasa suka daɗe suna fama da ita: cikin ruwan da aka zuba, nawa ne ƙasa ta sha, nawa ne ya malale ya tafi? Amsarta ce ke yanke faɗin kwalbati da tsayin gada da girman madatsar ruwa, har da inda ya kamata a hana gini.

Ina ruwan ke zuwa?

A matsakaicin lissafi, Zariya na samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara. Kusan dukkansa na sauka ne tsakanin Mayu da farkon Oktoba, kuma Agusta, lokacin marka, ya fi kowane wata.

Milimita ɗaya na nufin lita ɗaya a kan kowane murabba'in mita. Ke nan fili mai faɗin hekta ɗaya na karɓar lita miliyan 10 a damina guda. Ruwa ne mai yawan gaske.

Masana ba sa saka Zariya cikin yankuna masu ƙarancin ruwa sosai kamar Katsina da Sakkwato da Maraɗi, inda ruwan shekara ke tsayawa tsakanin milimita 500 zuwa 700. Sai dai matsalar iri ɗaya ce: ruwa na zuwa a dunƙule cikin watanni kaɗan, sannan a shafe rabin shekara ko fiye ba ɗigo, rana da iskar hunturu na busar da abin da ya rage.

Ruwan da ya sauka na rabuwa gida uku. Wani ƙasa ta sha, amfanin gona ya rayu da shi, ragowar ya nutse ya ciyar da rijiyoyi. Wani rana ta busar ko ganyayyaki su mayar da shi sama. Na ukun shi ne mai malala a doron ƙasa ya bi gangare zuwa rafi.

Wannan kashi na uku ne ke cika madatsun ruwa, kuma shi ne ke rusa katanga ya yanke hanya. Ba a lissafa shi unguwa-unguwa ko bisa iyakar ƙaramar hukuma. Ana lissafa shi ne bisa kwari, wato dukkan filin da ruwansa ke gangarowa zuwa rafi ɗaya, kamar yadda ruwan soro gaba ɗaya ke fita ta indararo guda.

Kwarin Kubanni

Tudun Wada na cikin kwarin Kubanni. Kogin na tasowa ne daga tuddan da ke wajen Shika, ya ratsa harabar Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ya gangaro ta gefen Tudun Wada da Gyallesu, sannan ya faɗa kogin Galma. Shi kuma Galma ya kai ruwansa kogin Kaduna, daga nan sai Neja.

Wannan na nufin ruwan da ya sauka a kan rufin wani gida a Samaru ko Hanwa na iya zama wanda zai cika gaɓar kogi a Tudun Wada bayan 'yan sa'o'i. Mutumin da ke ƙasa ba shi da ta cewa kan simintin da aka malala a sama, amma shi ne ke karɓar sakamakonsa.

A farkon shekarun 1970 aka datse Kubanni a Samaru don samar wa jami'ar ruwan sha. Ƙananan rafuka irin su Malmo da Tukurwa da Maigamo da Goruba ne ke shayar da tafkin. Binciken da malaman jami'ar suka yi a lokuta daban-daban ya nuna yashi da taɓon da waɗannan rafuka ke kwasowa daga gonaki sun cinye wani ɓangare na zurfinsa.

Akwai kuma dalilin da ya sa Zariya ba za ta dogara da ƙarƙashin ƙasa kaɗai ba. Garin na zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, irin wanda ya ɓullo fili a Kufena. Ruwan ƙasa na taruwa ne a ruɓaɓɓen saman dutsen da cikin tsagoginsa, ba a shimfiɗe yake ko'ina ba. Shi ya sa wata rijiyar burtsatse ke ba da ruwa sosai, ta maƙwabci kuma ta kafe tun bazara ba ta yi nisa ba.

Wannan ɗan ruwa na ƙasa, damina ce ke cika shi kowace shekara. Duk litar da ta malale ta bi Kubanni lita ce da ba ta isa rijiya ba.

Awon da aka taɓa yi a Samaru

Ba yau aka fara wannan lissafi a Zariya ba. Tashar binciken aikin gona ta Samaru, wadda aka kafa a 1922 kuma ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR a ƙarƙashin jami'ar a 1962, na cikin wuraren da suka fi daɗewa suna rubuta ruwan sama kullum a arewacin Najeriya.

A 1970 wani masani na cibiyar mai suna J. M. Kowal ya wallafa jerin rahotanni kan yadda ruwa ke tafiya a wani ƙaramin kwari a Samaru. Ya auna ruwan da ke malala da ƙasar da yake kwashewa a filaye masu yanayi daban-daban: wanda aka bari tsirara, wanda aka noma, da wanda ciyawa ta rufe. Daga baya shi da A. H. Kassam suka auna ƙarfin saukar ruwan Samaru da nauyin dukan da yake yi wa ƙasa.

Abin da irin wannan awo ya tabbatar, manomi ya san shi da ido. Ƙasar wannan yanki na da laushin gari, wani ɓangarenta ƙura ce da iska ta tara cikin dubban shekaru. Idan manyan ɗigon ruwa suka dake ta babu ganye ko ciyawa a kai, sai samanta ya liƙe ya yi ɓawo. Da zarar ɓawon ya samu, ruwa ba ya shiga sai kaɗan, ko da ƙasan a bushe yake ƙamas.

Saboda haka ba yawan ruwa kaɗai ake dubawa ba, har da saurinsa. Mamakon da ya kwana yana zuba a hankali na iya shigewa ƙasa kusan gaba ɗaya. Ruwa daidai wannan adadi, idan ya sauka cikin rabin awa, sai ya fi ƙarfin abin da ƙasa ke iya haɗiya, ragowar ya kama hanya. Wani masani Ba'amurke, Robert Horton, shi ne ya yi fice wajen bayyana wannan a 1933, kuma irin wannan malala ce ta fi yawa a yankuna masu dogon rani.

Hanyoyi biyu da injiniyoyi ke bi

Hanya mafi tsufa da har yau ake zana magudanan ruwa da ita ta samo asali ne daga wani injiniya ɗan ƙasar Ailan, Thomas Mulvany, a tsakiyar ƙarni na 19. Abu uku ake ninkawa: faɗin filin, saurin saukar ruwa, da kason da ake sa ran zai malale.

A ɗauki misalin fili mai hekta 10 da ruwa ke sauka a kansa da saurin milimita 60 a awa. Idan gonaki ne kuma aka ƙiyasta kashi 30 cikin 100 ne zai malale, magudanar da ke ƙarshen filin za ta karɓi lita 500 a kowace daƙiƙa, wato jarka 20 mai cin lita 25.

Idan aka yanka filin aka gina gidaje, aka rufa kwano, aka malala siminti a tsakar gida har kason ya kai 80 cikin 100, abin da zai iso magudanar ya haura lita 1,300 a daƙiƙa, sama da jarka 50. Ruwan saman bai ƙaru ba ko da ɗigo. Kwalbatin da aka saka lokacin da wurin yake gona ne ya zama ƙarami.

Hanya ta biyu ta fito ne daga hukumar kare ƙasar noma ta Amurka a 1954. Ana ba kowane irin fili lamba tsakanin 0 da 100 gwargwadon nau'in ƙasarsa, abin da ke rufe da ita, da kuma ko ta jiƙe tun kafin ruwan. Lamba na hawa, malala na ƙaruwa.

Ga abin da lissafin ke bayarwa idan aka yi ruwan milimita 50 a rana guda, irin wanda ba baƙo ba ne a markar Zariya. A kan kwalta ko rufin kwano, mai lamba 98, kimanin milimita 44 ne ke malalewa. A gonar da ƙasarta ta liƙe, mai lamba 80, kusan milimita 14. A filin da ke da ciyawa da bishiyoyi da ƙasa mai shan ruwa, mai lamba 60, bai kai milimita 2 ba.

A murabba'in kilomita ɗaya, bambancin na tsakanin lita miliyan 44 da ƙasa da lita miliyan 2 ne, daga hadari ɗaya.

Yau ana saka waɗannan lissafe-lissafe a manhajojin kwamfuta irin su HEC-HMS da SWAT, waɗanda ake samu kyauta. Taswirar tudu da gangare ta kusan duk duniya, wadda hukumar NASA ta ɗauka daga sararin samaniya a shekarar 2000, ita ma tana intanet. Ɗalibi a Sashen Albarkatun Ruwa da Injiniyancin Muhalli na ABU na iya zana iyakar kwarin Kubanni a kwamfutarsa cikin yini guda.

Matsalar aron ma'auni

Sai dai kwamfuta abin da aka ba ta take tauna. Lambobin da ke cikin littattafan an samo su ne daga ƙananan gonaki a Amurka, inda ƙasa da ciyayi da yanayin saukar ruwa suka bambanta da na nan. A can ma, binciken da aka sake yi daga baya ya nuna wani ginshiƙin lissafin, wato kason da ake ɗauka ƙasa na riƙewa kafin malala ta fara, ya yi yawa a wurare da dama.

Idan injiniya ya zaɓi lamba 70 alhali filin na 80 ne, abin da zai samu a ruwan milimita 50 bai kai rabin gaskiya ba. Hanyar gano kuskuren ita ce a gwada lissafin da awon ruwan da ya wuce a rafi da gaske. Nan ne gizo ke saƙa, domin yawancin ƙananan rafukan arewacin Najeriya ba su da ma'aunin da ake karantawa kullum.

Ba Najeriya kaɗai ke da wannan giɓi ba. Ƙungiyar masana kimiyyar ruwa ta duniya ta keɓe shekara 10, daga 2003 zuwa 2012, don nazarin yadda za a yi hasashe a kwarurukan da ba su da ma'auni.

Shi ma ruwan saman ba ya sauka bai-ɗaya. Mazauna Zariya sun saba jin an ce an tafka ruwa a Samaru, alhali a Tudun Wada ko yayyafi ba a yi ba. A farkon shekarun 1990 masu bincike sun dasa ma'aunin ruwan sama kimanin 100 a kewayen Yamai, suka ga ƙauyuka masu tazarar kilomita kaɗan na iya samun damina mai bambanci ƙwarai a shekara guda. Ma'auni ɗaya ba zai wakilci kwari gaba ɗaya ba.

Tauraron ɗan'adam na rage wannan giɓi. Akwai kundin ƙiyasin ruwan sama na CHIRPS da ya faro daga 1981, da na TAMSAT na Jami'ar Reading a Ingila da ya faro daga 1983. Suna da amfani wajen sanin ruwan wata ko na damina, amma ƙarfinsu na raguwa idan ana neman saurin ruwan da ya sauka cikin rabin awa a kan unguwa ɗaya, wanda shi ne mai zanen kwalbati ke buƙata.

A ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da Faransanci an bi wata hanya. Tun daga shekarun 1950 masu binciken hukumar ORSTOM ta Faransa suka riƙa auna ƙananan kwaruruka masu yawa a Nijar da Barkina Faso da Chadi da maƙwabtansu. Daga wannan awo ne Rodier da Auvray suka fitar da hanyar ƙiyasta ambaliyar ƙananan rafuka a 1965, hanyar da aka gina a kan ƙasar yankin da ruwan yankin.

Darasi daga Sahel

Abin da ya faru a Sahel bayan farin shekarun 1970 da 1980 ya nuna haɗarin riƙe tsohuwar lamba. Ruwan sama ya ragu sosai, kowa ya zaci koguna za su ragu. Amma a koguna irin su Nakambe a Barkina Faso, da Sirba da Dargol da Goruwal waɗanda ke zuba a Neja kafin Yamai, sai aka ga ruwan da ke wucewa ya ƙaru.

Bayanin da masana da dama suka bayar shi ne fari da saran itace da faɗaɗa gonaki sun tsiraita ƙasa, ta yi ɓawo, ta daina shan ruwa. Ruwa kaɗan ne ya sauka, amma kaso mafi girma ya malale.

Yamai na ganin sakamakon. Birnin na da cikar kogi iri biyu: wadda ke isowa daga tsaunukan Gini a watannin sanyi, da jan ruwan damina da rafukan kusa ke kawowa a Agusta da Satumba. A da ta Gini ce babba. A shekarun baya-bayan nan jan ruwan ya sha zarce ta, kuma a Satumban 2020 kogin ya kai kusan mita 7 a ma'aunin birnin, tsayin da ba a taɓa rubutawa ba kafin lokacin.

Shi ma hadarin ya sauya hali. Wani bincike da Christopher Taylor da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Nature a 2017 ya nuna manyan hadura masu tsananin ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Teburin saurin ruwa da aka haɗa shekaru 40 da suka wuce na iya raina ruwan da ke sauka yanzu.

Akwai kuma darasi mai daɗi daga can. A jihar Tawa manoma na haƙa tassa, ƙananan ramuka da ake zuba wa taki, da kuma rabin-wata, don tare ruwa a inda ya sauka. A Maraɗi da Damagaram sassabin zamani, wato barin tsiron itatuwa a gona a riƙa kula da shi, ya dawo da bishiyoyi a kan kimanin hekta miliyan 5. Yadda hannun mutum ke ɗaga lambar fili, haka yake iya sauke ta.

Abin da kuskure ke jawowa

Idan aka raina ruwa, sakamakon a bayyane yake. Madatsar Bagauda a Kano ta ɓalle a Agustan 1988. Ta Gusau ta ɓalle a ƙarshen Satumban 2006. Ta Alau kuma ta ɓalle a ranar 10 ga Satumban 2024, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri, shekara 30 bayan makamanciyar wannan ambaliya a 1994.

Kowacce na da nata dalilan, ciki har da batun gyara da kulawa. Amma a kowace madatsa akwai tambayar da ba ta tsufa: ruwa nawa ne zai iya isowa lokaci guda, kuma mafitar da aka gina za ta iya fitar da shi?

Injiniyoyi na magana kan ruwan shekara 10 ko na shekara 100. Mutane da yawa na ɗauka ma'anarsa sai bayan shekara 100 zai dawo. Abin da ake nufi shi ne a kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100 ya zo. Gidan da zai yi shekara 30 a gaɓar kogi na da yiwuwar kusan kashi 26 cikin 100 na haɗuwa da irinsa aƙalla sau ɗaya.

Idan kuma aka zuzuta ruwan, asarar a ɓoye take. Za a kashe kuɗi a gina tafkin da ba ya cika, a yi wa manoman rani alkawarin ruwan da babu shi. Idan aka tare fiye da kima, na ƙasa su sha wahala, kamar yadda dausayin Haɗeja da Nguru ya ragu bayan gina madatsun Tiga a 1974 da Challawa a 1992.

Ruwan famfon Zariya kansa ya rataya ne a kan wannan lissafi. Madatsar Galma da gwamnatin tarayya ta gina a Kuzuntu, ƙaramar hukumar Kubau, an tsara ta riƙe lita sama da biliyan 180. Sabuwar matatar ruwa ta Zariya kuma an tsara ta tace lita miliyan 150 a rana. Duk waɗannan alƙaluma sun dogara da ruwan da zai malalo daga gonaki da dazuzzukan kwarin Galma kowace damina, da yawan yashin da zai biyo shi.

Haka masu lambu da ke noman latas da kabeji da tumatir a gaɓar Kubanni da Galma. Tsawon lokacin da injinsu zai ja ruwa a rani ya danganta da abin da ƙasa ta sha da damina, domin shi ne ke tsattsafowa cikin kogi bayan an ɗauke ruwa.

Kududdufi da rufin kwano

Tsofaffin garuruwan Hausa na da nasu tsarin tare ruwa, ko da ba da niyya aka yi shi ba. Ramukan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini sun zama kududdufai. Da damina su ne ke karɓar ruwan unguwa, su riƙe shi, ya riƙa nutsewa a hankali.

Kududdufi na da aibinsa: sauro, shara, da haɗarin faɗawar yara. Amma idan aka cike shi aka yi gini ba tare da an tanadi wata mafita ba, ruwan da yake ɗauka bai ɓace ba, gidan wani zai nema. Kududdufi mai faɗin mita 50 da tsawon mita 50, idan yana da sararin ƙarin zurfin mita ɗaya, na iya riƙe lita miliyan 2.5. Kafin a cike irinsa ya kamata a san ina waɗannan litoci za su koma.

A matakin gida ma lissafin na aiki. Rufin kwano mai murabba'in mita 100 na karɓar lita 100,000 a daminar milimita 1,000. Ko da kashi 80 cikin 100 aka iya tarewa, an samu lita 80,000, daidai da jarka 3,200.

Gida mai mutum 8, idan kowa na amfani da lita 20 a rana, na buƙatar lita 160. Don ya ƙetare wata shida na rani sai ya adana kusan lita 29,000, wato tankin roba mai cin lita 1,000 har guda 29. Wannan ya fi ƙarfin yawancin magidanta, kuma shi ya sa tarar ruwan kwano ita kaɗai ba za ta kashe ƙishin rani ba.

Ma'ajiyar da ta fi araha ita ce ƙasa. Barin wani ɓangare na tsakar gida ba siminti, ko haƙa ramin da aka cika da tsakuwa don ruwan kwano ya nutse nesa da masai da tushen gini, na rage abin da ke fita titi, ya kuma ƙara wa rijiya.

Wa zai riƙe ma'auni?

Hukumomin da aikin ya shafa suna nan. NiMet na fitar da hasashen damina kowace shekara. Hukumar NIHSA mai kula da bayanan koguna na fitar da hasashen ambaliya tun 2013. Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa na Mando a Kaduna, Hukumar Raya Kwarin Neja ta Sama kuma na Minna. Akwai kuma shirin ACReSAL na dala miliyan 700 daga Bankin Duniya, wanda ya shafi jihohin arewa 19 da Abuja, kuma an gina shi ne a kan tsara aiki kwari-kwari.

Hasashen ƙasa baki ɗaya na iya cewa ƙaramar hukuma kaza na cikin haɗari. Ba zai faɗi wane kwalbati ne zai gaza a wane layi ba. Wannan sai awon gida.

Kuma awon ba shi da tsada kamar yadda ake zato. Ma'aunin ruwan sama na roba a makarantun sakandaren da ke cikin kwarin, wanda ɗalibai za su riƙa karantawa kowace safiya. Sanda mai lambobi a jikin ƙafar gada, da wanda zai ɗauki hotonta da waya safe da yamma. Alamar fenti a bango a inda ruwa ya tsaya bayan kowace ambaliya, tare da kwanan wata. Sai ma'aikatan da za su zo lokaci-lokaci su auna saurin ruwan, don a iya mayar da tsayinsa zuwa lita.

Shekara biyar na irin wannan rubutu, ba tare da yankewa ba, zai ba injiniya abin da zai gwada lissafinsa da shi. Zai kuma ba mai unguwa da masu ba da izinin gini hujjar da za su nuna wa wanda ke son kafa tubali a hanyar ruwa.

Kwarin da Kowal ya auna gonaki ne da ciyawa. A shekaru sama da 50 da suka biyo baya, gine-gine sun bazu daga Samaru zuwa Hanwa har gaɓar Kubanni, kuma kowane sabon rufi na ƙara wa kogin kaya. Damina mai zuwa ruwan zai sake bi ta ƙarƙashin gadar Tudun Wada, ko an auna shi ko ba a auna ba.